Fuskar Boka Ƙurungu

Sabon Gari, Wudil
12 ga Agusta, 2001

Zuwa ga Baba Ezekiel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Mama Comfort, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ni ce Rahila, 'yar marigayi Godwin, ɗan wan mahaifinka. Rabonmu da haɗuwa tun ranar da aka binne shi a Billiri. Cikin 'yan matan da suka yi ta kuka ran nan, ni ce mai tabarau.

Baba, na samu aiki a ɗakin karatu na sabuwar jami'ar da aka buɗe a nan Wudil. Littattafai ba su iso da yawa ba tukuna, don haka ina da lokaci. Duk ranar Asabar da safe nakan tara yaran unguwa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu ina koya musu karatun boko. Su goma sha bakwai ne yanzu. Iyayensu sun yarda, bayan sun zo sun leƙa sun ga ba wa'azi nake yi ba. Matsalata ɗaya: da na buɗe littafin makaranta sai hamma ta tashi.

To, a akwatin babana na tarar da wasu littattafai guda biyar na labari cikin zane, sunansu Barde Mai Takobin Tagulla. A ƙasan bango an rubuta "Zanen E. Ɗanladi, Wudil, 1977." Baba, ashe kai ne! Ashe a garin nan ka zauna! Na karanta musu na ɗaya jiya. Da Barde ya zare takobi a gaban dodon rijiya, wata yarinya mai suna Juwairiyya, wadda wata biyu ke nan ta kasa haɗa baƙi uku, ta fizge littafin daga hannuna tana cewa, "Malama, kina jan rai, bari in gani da kaina." Kuma ta karanta layi guda cif.

Zan yi musu fotokwafi, kowane mako biyu littafi ɗaya, kowa ya tafi gida da nasa. Amma ina so in gaya musu tarihin abin. A ina kuka samo labarin? Wa ya rubuta maganganun? Ban ga sunan marubuci ba. Me ya sa aka tsaya a na biyar?

Don Allah ka ba ni amsa mai tsawo.

'Yarka,
Rahila

*

Jos
29 ga Agusta, 2001

'Yata Rahila,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, hannu ma ya fara rawa. Na tuna ki sarai, ke ce kika gyara wa fasto shekarar haihuwar babanki a bakin kabari.

Kin tayar mini da tsohon zance. Irin wannan labari na ƙato mai takobi da mugun boka, Amurkawa sun fara buga shi ne a mujallu masu araha tun kafin yaƙin duniya na biyu, rubutu zalla. Wajen 1970 wasu marubuta suka ɗauko tsofaffin labaran suka yanka su gida-gida, masu zane suka zana. A wurinsu aikin mutum huɗu ne ko biyar: mai tsara labari, mai fensir, mai bi da tawada, mai rubuta magana. Ragowarsu kan faɗo kasuwar Kano a hannun masu tsofaffin littattafai, nan na tsinci guda shida lokacin ina koyar da zane a Wudil.

Mu biyu muka yi namu. Marubucin shi ne Malam Isyaku na Achika, malamin Hausa, Allah ya ji ƙansa. Ranar da na nuna masa na Turawan ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Ezekiel, wannan ƙaton ba shi da uwa ne, da zai shiga kasuwa da bante?" Shi ya sa wa Barde riga da wando. Ya zubar da gumakansu ya kawo aljanun kogi, ya mai da gidan giya rumfar mai fura. Kafin mu kai na uku babu abin da ya rage na Turawa sai takobin. Ya hana a sa sunansa don mahaifinsa babban malami ne, ba zai ji daɗin a ce ɗansa na rubuta zancen bokaye ba. Mun tsaya ne don an buɗe siyasa, maɗaba'ar ta koma buga fastar 'yan takara.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Ni ban iya ƙago fuska daga kaina ba. Duk ranar Juma'a nakan zauna a kasuwar Wudil da littafin zanena, in roƙi mutum ya tsaya, Isyaku na ja masa hira har in gama. Duk fuskar da ke cikin littattafan nan ta mutumin Wudil ce. A lokacin ba komai, domin a Kano da Zariya aka sayar da su. Yawancin mutanen sun tsufa ko sun mutu, ba mai gane su. Amma Boka Ƙurungu na littafi na huɗu, mai cinye kurwar yara, fuskar wani masunci ce, Ɗantani. Ido ɗaya gare shi, da tabo daga gira zuwa kunne. Irin wannan fuska ba ta tsufa.

Ki ba su na ɗaya zuwa na uku, ki tsallake zuwa na biyar. Kada na huɗu ya fita daga ɗakinki. Kin san mutanenmu, namu da nasu duka.

Babanki,
Ezekiel

*

Sabon Gari, Wudil
21 ga Satumba, 2001

Baba,

Ina gaisuwa, amma hankalina ba a kwance yake ba. Tun da muka ji a rediyo abin da ya faru a Jos nake addu'a dominku. Kuna raye? Gidanku yana nan? Ban samu ko layi ɗaya daga gare ka ba tun wasiƙata ta Agusta. Na daina dogara da gidan waya. Na samu wani direba, Auta, mai kawo dankalin Turawa daga Jos kasuwar Juma'a, ya ce ya san layinku. Shi zai miƙa maka wannan.

Idan kuna lafiya, ga labari mai daɗi. Yarana sun zama talatin da ɗaya. Sun ƙi jiran mako biyu, har da masu zuwa da ƙafa daga Utai. Ranar Asabar da ta wuce na raba na huɗu. Baba, wannan boka! Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi a shafin da yake tura yara cikin tulu. Juwairiyya ta karanta shi daga farko har ƙarshe da ƙarfi, ba ta tsaya ba sai sau biyu.

Wani abin dariya: suna buɗewa suka hau ihu, "Baba Ɗantani! Wallahi Baba Ɗantani ne!" Wai wani tsoho ne mai ɗinkin taru a bakin kogi. Na je na gan shi, kamar kuwa ta ɓaci. Na ce musu haka kama take, kowa da mai kama da shi a duniya. Sai dai jiya na ga yara uku sun hango shi sun canja hanya, abin bai yi mini daɗi ba.

Ka aiko ko da kalma biyu ce.

Rahila

*

Jos
3 ga Oktoba, 2001

Rahila,

Muna raye. An ƙone shagon maƙwabcinmu, wutar ta ci rabin rufinmu. Kwana tara muka yi a barikin 'yan sanda.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Na roƙe ki abu ɗaya tak, na rubuta shi da hannun da ke rawa, kika sa ƙafa kika shure, har kina kiransa abin dariya. Ko don kin yi jami'a ne kike ganin maganar tsoho tsoron banza ce? Ni na ga abin da taron mutane ke yi in sun nuna mutum da yatsa. Watan jiya na gani, a ƙofar gidana.

Ki bi gida-gida ki karɓo takardun nan yau.

Ezekiel

*

Sabon Gari, Wudil
12 ga Oktoba, 2001

Baba,

Na gode wa Allah da ya tsare ku. Ka gaishe da Mama, ka yi mata jaje.

Wasiƙarka ta 29 ga Agusta ranar Talatar nan ta iso hannuna. Kwana arba'in da ɗaya ta yi a hanya. Ga ambulan ɗin na haɗo maka, ka duba hatimin gidan waya da idonka. Da na samu ta Oktoba ban gane laifina ba, amma na bi gidaje kamar yadda ka ce. Goma sha ɗaya kawai na samu. Sauran sun shiga hannun manya.

Baba, abin da ka ji tsoro ya faru. Zazzaɓi ya kama Juwairiyya kwana takwas da suka wuce, ya hau mata kai. Tana fizge-fizge tana cewa, "Kada ya sa ni a tulu! Baba Ɗantani, kada ka rufe!" Ka san abin da ake cewa in mara lafiya ya ambaci sunan mutum. Kakarta, Inna Mairo, ta fito tsakar gida ta yi kururuwa cewa maye ya kama mata jika, ta ɗaga takardar da na raba da hannuna tana nuna wa mutane.

Aka je aka same shi yana ɗinkin taru, aka nuna masa zanen. Baba, da ka ga yadda fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ni ne mana! Ni ne wannan! Ina Ezekiel ɗin yake?" Murna yake yi, su kuwa suka ce ya amsa da bakinsa. Matarsa Yelwa ta rasu, ba su haihu ba, babu wanda zai tsaya masa. Samari sun ƙone kwalekwalensa da tarunan mutane da aka ba shi gyara. Mai unguwa ne ya janye shi zaurensa, yana can ba ya fita ko alwala sai da rakiya.

Uban yarinyar, Malam Lukman, ya kai ta asibiti duk da faɗan uwarsa, ana yi mata ƙarin ruwa. Amma Inna Mairo ta dage sai Ɗantani ya tsallake yarinyar sau uku, ya kuskure baki ya ba ta ta sha, ya sakar mata kurwa. Shi kuma ya ce, "In na tsallake ta na zama maye har kabarina, ko wa ya yi atishawa a garin nan ni za a nema." Mai unguwa ya ba shi zuwa Juma'a mai zuwa bayan masallaci: ko ya tsallaka, ko ya bar gari. Na ji samarin na cewa in ya fito ba zai kai gadar bakin gari da rai ba.

Na je na ce zane ne kawai. Wani ya ce, "Malama, a cikin dubban mutanen Wudil me ya sa shi aka zana yana cin yara? Wanda ya zana ya san wani abu." Wani kuma daga baya ya ce, "Ita ma wa ya aiko ta?" Tun ranar ba yaro ɗaya a ƙarƙashin darbejiya. Abokan aikina sun ce in rufe bakina in tafi Billiri.

Ni na jawo masa. Ka zo, Baba. Kai kaɗai za ka ce ga yadda aka yi. Auta zai ɗauko ka ranar Alhamis.

Rahila

*

Jos
16 ga Oktoba, 2001

'Yata,

Na ga hatimin. Ki yafe mini. Na zage ki a kan laifin da nawa ne tun ba a haife ki ba.

Ba zan zo ba. Zan iya ce miki gwiwa ce, amma ba ita ba ce. Mun ji an yi tashin hankali a Kano ƙarshen makon nan. Na sa takalmi jiya don in je in gaya wa Auta ya tsaya mini, na kai bakin titi, na ji an buga ƙofar mota da ƙarfi, sai na tsinci kaina a tsugune a bayan rumfa. Shekarata sittin da bakwai. Ina jin kunyar rubuta miki wannan. Kuma ki yi tunani: baƙo mai suna Ezekiel ya tsaya a gaban taro a wannan makon ya ce shi ya zana Musulmi a siffar boka. Ina tsoron in ƙara wa wutar mai.

Ga abin da ya fi ni baki. Littafin zanena ne na kasuwa, Mamanki ta fito da shi a cikin zaninta ranar gobara. Kowace fuska tana nan kamar yadda na ɗauke ta, kafin in sa mata ƙaho ko rawani. A ƙasan kowacce Isyaku ya rubuta sunan mutum da abin da ya faɗa yana zaune. Da ajami ya rubuta, don ya ce hannunsa ya fi sauri a nan. Ni ban taɓa iya karantawa ba. Kada ki karanta musu da bakinki ko da kin iya. Ki ba liman. Sun san gidan su Isyaku, wataƙila su san hannunsa.

Ya ce kada a faɗi sunansa don mahaifinsa. Su biyun sun riga mu gidan gaskiya. Na tabbata da yana nan da kansa zai tashi. Ki faɗa.

In kin ga abin zai juya kanki, ki ajiye littafin a gaban mai unguwa ki fita. Kada ki tsaya gardama irin ta bakin kabari.

Babanki

*

Sabon Gari, Wudil
26 ga Oktoba, 2001

Baba,

Ina gaishe ku. Ina lafiya, Baba Ɗantani ma yana raye. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Ranar Juma'ar, da aka sauko daga masallaci, ƙofar mai unguwa ta cika. Na lulluɓe da mayafin maƙwabciyata, na rungume littafin. Garin kutsawa na taka gefen zanina na kusa faɗuwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba magana na zo yi ba. Saƙo ne daga marigayi Malam Isyaku na Achika, a ba liman."

Liman ya buɗe, ya kai shi kusa da ido. Ya ce, "Wannan hannun Isyaku ne. Allo ɗaya muka yi a zauren babansa." Na nuna masa shafin. Ya karanta: "Ɗantani masunci. Ya ce a sa shi ya zama mugun, ko Yelwa ta ji tsoronsa ko da na yini ɗaya ne, don jiya ta kore shi da muciya."

Tsofaffi biyu suka tuntsire, sun san Yelwa. Amma Inna Mairo ta ce daga bakin zaure, "Wannan ba hujja ba ce. Mai hali shi ke neman irin halinsa." Na ga samarin na gyaɗa kai. Ka ce in ajiye in fita. Ban fita ba, Baba. Daren jiyansa na kwana ina gwada fuskokin da littattafan biyar. Na ce wa liman ya juya shafi huɗu baya, ni kuma na buɗe littafi na biyu a kan Sarauniyar Macizai, mai harshe biyu, na ɗaga.

Ya karanta: "Mairo mai fura, matar Ɗanjuma mahauci. Ta ce a ƙara mata awarwaro, kuma kada a zana haƙorinta na gaba."

Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, Mairo, ke ce da macizai a ka!" Liman bai tsaya ba. Shafi na gaba mijinta ne, wanda ka mayar mutumin da ke rikiɗa kura. Na gaba kuma mai gadin da ya jefar da mashi ya ruga, sai liman ya yi tari ya ce, "Ranka ya daɗe, in wuce wannan?" Mai unguwa ya leƙa ya ce, "Wuce. Ai ina da ƙuruciya lokacin." Daga nan ba a ƙara jin kowa ba don dariya. Liman ya jira ta lafa, ya ce, "In zane ke mai da mutum maye, to ku fara da ni ku duba, wataƙila ina ciki. Ku watse."

Inna Mairo ba ta yi dariya ba. Ta karɓi littafin ta zauna a dakali tana kallon mijinta. Shekara goma sha tara da rasuwarsa, ba su da hotonsa ko ɗaya. Ta kira Malam Lukman ta ce, "Zo ka ga ubanka." Na yanke mata shafin da reza. Ban nemi izininka ba, ka yi haƙuri.

An sallamo Juwairiyya ranar Litinin, likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ba ta tuna komai. Kada ka ɗauka komai ya koma daidai. Akwai masu cewa ya sake ta ne don ya ga an gane shi, har yanzu wasu mata na janye 'ya'yansu in ya wuce, kuma yara shida kawai suka dawo mini. Amma shekaranjiya Inna Mairo ta dama fura da hannunta ta kai masa bakin kogi da rana tsaka, kowa na gani. Ta sha ludayi ɗaya, ta miƙa masa, ya sha, ta karɓa ta sake sha da ludayin.

Na rubuta sunan Malam Isyaku a bangon littattafan biyar, sama da naka, tun da mai labari ke gaba.

Baba Ɗantani ya ba ni saƙo, ya sa na maimaita har sau biyu. Ya ce, "Ki gaya wa Ezekiel na roƙi a ji tsorona, ya iso bayan shekara ashirin da huɗu, Yelwa ba ta gani ba, ni kuma na ɗanɗana babu daɗi. Ya zo ya sake zana ni ina ɗinkin taru, a raba wa yaran. In hannunsa na rawa, ni ma fuskar ta yamutse, sai su dace."

Na ce masa ba ka iya fita. Ya ce shi ma kwana goma sha ɗaya bai iya fita ba.

'Yarka,
Rahila

*

Jos
30 ga Oktoba, 2001

'Yata Rahila,

Mun karanta, Mamanki ta yi kuka, ta yi dariya a kan mai gadi. Shafin Ɗanjuma na Mairo ne tun asali.

Na gaya wa Auta ya tsaya mini ranar Alhamis da safe. Yau na sake gwada zuwa bakin titi, na yi minti goma a tsaye. Ban san yadda zan yi da shingayen hanya ba. Na ce masa in ya ga na fara neman sauka kada ya kula ni, ya ci gaba da tuƙi.

Na feƙe fensir uku. Ki gaya wa Ɗantani ya same ni bakin kogi ranar Juma'a da hantsi, ya zauna rana na dukan ɓangaren idonsa mai gani. Wancan karon ɗaya gefen na zana.

Babanki,
Ezekiel